Safar Da Likita Ke Rubutawa: Kumburin Ƙafa Da Hannu A Gangara Ta Damargu

Da hantsi, lokacin da layin jarkoki ya yi tsawo a bakin rijiya, a nan ake ganin ƙafafun mutane da kyau. Kowa a tsaye yake, wani da silifas, wani ba takalmi. Cikin matan da ke jiran layi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gangara akwai wata dattijuwa da ta saki zaninta har yana sharar ƙasa. Sai da ta sunkuya za ta ɗora jarka bisa jaki zanin ya ɗage. Ƙafarta ta hagu ta kusa ninka ta dama kauri. Idon sawu ya ɓace cikin kumburi, fatar wurin ta yi baƙi ta yi tauri, silifas ɗin kuma an yanke maɗaurinsa an ƙara da igiya don ƙafar ta shiga.

Ƙasa da gwiwa ta ɗaure da ƙyallen tsohuwar atamfa, ɗauri ɗaya mai ƙarfi. Ƙyallen ya nutse cikin nama, duk abin da ke ƙasansa kuwa ya ƙara cika.

Tunaninta bai kauce gaba ɗaya ba, domin ƙafa mai kumburi tana son matsi. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne matsin yana da ƙa'ida, kuma ɗauri ɗaya a sama tare hanya yake yi. Akwai safa ta musamman da aka saƙa saboda wannan lalura, da wata mai kama da hannun riga saboda kumburin hannu. A ƙasashen da ke da hali likita ne ke rubuta ta a takardar magani, a auna ƙafa kafin a sayar. Yanzu tallarta ta shigo wayoyinmu ta Facebook da TikTok, ƴan cin rani kuma suna dawowa da ita daga Kano a matsayin tsarabar tsofaffi, ba awo, ba tambaya. Shi ya sa ya kamata a zauna a yi maganarta.

Jini da hawan tudu

Mutumin Damargu ya san wahalar rijiya mai zurfi: guga na sauka da sauƙi, fitowarsa ce ke cin ƙarfin raƙumi ko sa. Haka jini yake a ƙafa. Zuciya na tura shi ƙasa ba wuya, amma dawowarsa sama sai da taimako. Naman sharaɓa ne ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka, cikin jijiyoyin kuma akwai wasu ƴan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai, su hana jinin komawa baya.

Idan ƙofofin nan suka saki, jini sai ya taru ƙasa. Jijiyoyi su taso su murɗe a sharaɓa, ƙafa ta yi nauyi da yamma, idon sawu ya cika, bayan shekaru fatar ta yi duhu, wani lokaci ta fashe ta zama gyambon da ke shekara bai warke ba. Gado na kawo wannan, tsayuwa mai tsawo na kawo shi, yawan ciki ma na kawo shi. A ƙasar da mace kan haihu sau shida ko bakwai, kuma ta wuni a tsaye tsakanin turmi, rijiya da gona, ba abin mamaki ba ne a gan shi a kowace unguwa.

Safar likita an saƙa ta ne yadda matsinta ya fi ƙarfi a idon sawu, yana raguwa a hankali har zuwa gwiwa ko cinya, don jini da ruwa su bi hanyar sama. Wani injiniya Bajamushe mai suna Conrad Jobst, wanda ya zauna a Toledo ta Amurka, yana cikin waɗanda suka fara ƙera ta wajen 1950. Shi kansa yana fama da ciwon jijiyoyin ƙafa, ya lura cewa yana samun sauƙi idan ya tsaya cikin ruwa, saboda ruwa ya fi matsa ƙasan ƙafa fiye da samanta. Sai ya nemi zaren da zai yi aikin ruwan.

Ba kowane kumburi ke son safa ba

A nan ne haɗarin yake, kuma a nan zan fi daɗewa.

Ƙafa kan kumbura saboda dalilai da yawa da ba su da alaƙa da juna. Yaro ƙarami da ƙafafunsa biyu suka cika, aka danna da babban yatsa wurin ya lotsa, wannan tamowa ce mai tsanani, cutar da iyayen Tanut da Belbeji suka sani tun kafin yunwar 2005. Wurinsa cibiyar kula da masu tamowa, a ranar.

Mai ciki da ƙafarta ta ɗan cika da yamma, ta sabe da safe, yawanci ba komai. Amma idan fuska da hannuwa suka shiga, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, to hawan jini ne da ke iya kai wa ga jijjiga. Ungozoma za ta gani, a gwada jininta da fitsarinta.

Sai mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya, daga baya likitocin Yamai ma suka ga irinsa. Sun danganta shi da abubuwa da dama, har da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa. Alamarsa kumburin ƙafafu biyu, haki, da kasa kwanciya sai an jingina. Idan aka matse ƙafafun irin wannan mace, ruwan da ke cikinsu zuciya zai koma, zuciyar da dama ta gaza. Haka abin yake ga mai ciwon ƙoda ko hanta: gyaran yana ciki, ƙafa shaida kawai take bayarwa.

Akwai kuma ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, tana zafi tana ciwo, bayan haihuwa, ko tiyata, ko doguwar tafiya a matse cikin motar Agadas ko ta Yamai. Wannan na iya zama gudan jini da ya daskare cikin jijiya. Tausa haɗari ce a nan, don gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Asibiti kai tsaye.

Na ƙarshe su ne waɗanda jini ba ya isa ƙafarsu sosai, galibi tsofaffi, masu ciwon suga da masu shan taba. Ƙafarsu sanyi gare ta, sharaɓa na ciwo in sun yi tafiya, wani ma ba ya jin ƙaya ta soke shi. Safa mai ƙarfi a irin wannan ƙafa na iya kashe yatsu. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke fara laluben bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu kafin ya ce a matse.

Duk waɗannan, mai talla a waya ba zai tambaye su ba. Ɗan da ya sayo wa mahaifiyarsa safa a kasuwar Kano da kyakkyawar niyya shi ma bai san zai tambaya ba.

Tundurmi: ƙwaya ta zo, ƙafa ta zauna

Bayan jijiyoyin jini, jiki na da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsiyayo cikin nama, su bi da shi ta kaluluwar matsematsi da ta hammata. Idan waɗannan suka lalace, kumburin da ke biyo baya ba ya sabewa da kwanciyar dare. Ma'aikatan lafiya na da wata dabarar ganewa: su gwada tsunkular fatar gindin yatsa na biyu. In ta ƙi ɗaguwa saboda kauri, to hanyoyin ruwan ne.

A yankinmu babban mai lalata su tundurmi ne. Tsutsa ce siririya da sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum, kuma a Afirka ta Yamma sauron zazzaɓin cizon sauro ne dai ke wannan aiki. Mutum kan kamu tun yana yaro, kumburin ya bayyana bayan ya girma: ƙafa, hannu, nono, ko gwaiwa ga maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da miliyan 15 masu kumburin gaɓa saboda wannan cuta, da maza kusan miliyan 25 masu gwaiwa.

Damargu ƙasar yashi ce mai gajeriyar damina, amma tafkuna na riƙe ruwa bayan ruwan Agusta, mutanenta kuma ba sa zama wuri ɗaya. Rani na yi, matasa sun nufi Magarya, Matamai, Daura da Kano, don haka ba a rasa hanyar haɗuwa da sauron ba.

Tun 2007 Nijar ta fara rabon ƙwayoyin ivermectin da albendazole gida-gida sau ɗaya a shekara a gundumomin da cutar take, har da na jihar Damagaram, da taimakon ƙungiyoyi irin su Helen Keller. Aikin rabon magani ya yi tasiri, har a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi, wadda ivermectin ɗin nan ne maganinta. Abin alfahari ne.

Sai dai ƙwayar kare na baya take yi. Tana kashe ƴaƴan tsutsa a jini don sauro ya rasa abin ɗauka. Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura, ko ya sha ta shekara goma, da ƙafarsa zai zauna. Waɗannan su ne aka fi mantawa da su idan ana lissafin nasara, kuma a ganina su ne suka fi cancanta a fara tunawa da su.

A ƙauye ba a cika kiran abin da sunan tsutsa ba. Za ka ji an ce ya taka sammu, ko an yi mata jifa, ko ya tsallake abin da aka binne. Daga nan sai wanzami, a yi tsaga a sa ƙaho don a fitar da mugun jini. Kowace tsaga kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Su ne ke kawo zazzaɓin nan mai rawar sanyi, ƙafa ta yi ja ta yi zafi, kaluluwa ta fito, mutum ya kwanta kwana huɗu ko mako. Duk tashi ɗaya na zazzaɓin yana ƙara lalata hanyoyin ruwa, ƙafar ta ƙara girma. In ya faɗo lokacin noman fari, gonar gero ta shekara ce ta tafi.

Hannun da ya cika bayan tiyata

Kumburin hannu labarinsa dabam ne, kuma kusan duk na mata ne. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara yawa a matan Nijar, kuma galibi sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Idan aka cire nonon ana haɗawa da kaluluwar hammata, wani lokaci a bi da gashin na'ura. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar na samun kumburin hannu bayan haka, wata cikin watanni, wata bayan shekaru.

Duk matar Gangara da ta tsallake wannan siraɗi ta sha hanya. Daga ƙauye zuwa asibitin gunduma na Tanut, daga nan zuwa babban asibitin Damagaram, in ana bukatar gashi kuma sai Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara aiki da na'urar a 2021. Tun 2007 doka ta ce jinyar sankarar mata kyauta ce, amma kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya na kan iyali.

Ta dawo gida ana barka. Bayan wata shida sai ta ga warwaronta ya matse, zobe ya ƙi fita, hannun rigar gefe ɗaya ya yi mata kaɗan. Ta ɗaga taɓarya, hannun ya yi nauyi kamar ba nata ba. Mai daka da jan guga da wanki, in hannunta ya tsaya, gidan ne ya tsaya.

A wannan mataki na farko ne safar hannu ta fi amfani. Tana tashi daga wuyan hannu zuwa kusa da hammata, sau da yawa da ƙarin wata ta tafin hannu don kada yatsu su cika. Ana sa ta da rana, musamman lokacin aiki, a cire da dare. Aikin gida ba a hana shi, motsa hannu ma taimako yake, sai dai a kiyaye ƙuna wajen murhu, ƙaya wajen itace da yankan wuƙa. Maganar minti goma ce ranar sallama daga asibiti, tare da awon hannu biyu da za a rubuta mata a kati, ta yadda duk wanda ya sake aunawa zai gane in ya fara ƙaruwa.

Awo, lamba da zafin bazara

Safar likita ba ta da “ƙarami, matsakaici, babba” irin na rigar gwanjo. Da sassafe ake awo, kafin ƙafa ta cika: zagayen idon sawu, zagayen sharaɓa inda ta fi kauri, da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. Tef ɗin tela ya isa.

Ƙarfin matsinta da ma'aunin hawan jini ake faɗarsa, kuma a nan akwai tarko ga mutanen kan iyaka. A tsarin Faransa, wanda farmasin Damagaram da takardun likitocinmu suka fi bi, aji na biyu matsinsa 15 zuwa 20 ne. A tsarin Jamus aji na biyu 23 zuwa 32 ne. Likita ya rubuta aji na biyu, ɗan'uwa ya sayo aji na biyu a wata kasuwar, a samu abu biyu mabambanta. Lambobin da ke jikin kwali ake dubawa. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, safar ƴan ƙwallo ce kawai.

Sai sawa. Da safe, kafin a sauko daga gado, a juya ta ciki-waje har diddige, a zura ƙafa, a riƙa ja sama a hankali ba tare da an bar ninki ba. Kada a naɗe bakinta, domin naɗin yana zama ɗauri irin na ƙyallen atamfa. Tsohuwa mai ciwon baya ko yatsu ba za ta iya ita kaɗai ba, sai jika ko suruka ta koya. In yatsu suka yi sanyi, suka dushe ko suka mutu, a cire nan take.

Daga nan matsalolin Damargu suke farawa. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, roba a jiki cikin wannan yanayi azaba ce, gumi kuma na jiƙa tsakanin yatsu ya kawo ƙaiƙayi. Safa na bukatar wanki kusan kullum da shanya a inuwa, don rana na kashe robarta, ke nan ana bukatar biyu. Ko an kula da ita, bayan kamar wata shida ta saki. Mai inganci kuɗinta na iya kai na buhun gero ko ya wuce, ga kuɗin motar zuwa birni. Yashi na shiga, karangiya na kamawa. Da hunturu faso na tsaga diddige, dole a shafa man kaɗe ko basilin, amma mai na ɓata roba, sai dai a shafa da dare bayan an cire.

Masu cewa a fara da sabulu

Saboda waɗannan dalilai ma'aikatan lafiya da yawa da ke aikin tundurmi ba sa sa safa a gaba. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa abu ne da ake iya yi a tsakar gida: a wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, a tsane ta sosai har tsakanin yatsu da cikin ninkin fata, a kula da kowane ɗan rauni, a ɗaga ta bisa matashi da dare da lokacin hutu, a riƙa motsa ta, a sa takalmin da ya dace, a je asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. A Haiti da Indiya an ga yadda wannan kaɗai ya rage yawan zazzaɓin sosai. A Habasha, inda jan ƙasa ke kawo wani kumburi mai kama da wannan, wanki tare da bandeji, safa da takalmi shi ma ya rage shi.

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Safa a kan ƙafar da ba a wanke ba cuta take rufewa. Kuma ƙafar da ta riga ta yi ninki-ninki ba wata safar kanti da za ta shige ta.

Masu gashin ƙashi da likitocin tiyata na kallon abin ta wani gefen. A wurinsu wanki na hana ƙafa ƙaruwa, amma abin da ke rage girmanta matsi ne. Ana farawa da bandeji marar yawan miƙewa, a naɗa daga yatsu zuwa sama bisa auduga, a riƙa sabuntawa har makonni, sai ƙafar ta sauka sannan a auna safa don riƙe abin da aka samu. Gyambon jijiya kuwa, ko wane magani aka shafa, da wuya ya rufe in ba a haɗa da matsi ba.

Marasa lafiyar su ma suna da tasu maganar. Abin da ya fi damun wata shi ne ta iya sa takalmi ta je biki ba a bi ƙafarta da kallo ba. Budurwa tana tunanin aure. Magidanci yana tunanin ko zai iya bin shanu zuwa arewa da damina.

Ni ban ga saɓani na gaske tsakanin ɓangarorin ba, jeri ne kawai. A san dalilin kumburi, a gyara fata, a naɗa bandeji in ana bukata, safa ta zo ƙarshe ga wanda aka auna. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda kasuwa ke juya jerin, ta fara da na ƙarshe.

Abin da majo zai iya yi a Gangara

Ƙaramar hukumar Gangara na da mutane sama da dubu ɗari, warwatse cikin ƙauyuka da rugage. Ba za a kawo musu ƙwararren likitan jijiya ba, kuma tallafin waje ya ja baya tun da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025. Amma yawancin abin da ake bukata bai fi ƙarfin cibiyar lafiya ta ƙauye ba.

Majo, wato shugaban cibiyar, da ungozoma za su iya koyon laluben bugun jini a ƙafa, tsunkular gindin yatsa, da naɗin bandeji cikin ƴan kwanaki. Masu rabon ƙwaya gida-gida sun riga sun san gidajen da ke da mai kumburi, su ne za su iya rubuta sunaye su koma da sabulu, tawul da robar wanka. Mai gyaran takalmi a kasuwa zai iya ɗinka takalmi mai faɗi da maɗauri mai sassautawa in an nuna masa sau ɗaya. Wanzamai, da ake fara zuwa wurinsu, sun cancanci a zauna da su cikin mutunci a roƙe su su bar tsaga kumburarriyar gaɓa, su tura mai ita likita. Maza masu gwaiwa a sanar da su cewa tiyata ce ƙarama da ke raba su da ita.

Safa da safar hannu kuwa, in asibitin gunduma na Tanut zai riƙa tattara awon marasa lafiya ya yi oda a dunƙule sau biyu a shekara, mai buɗaɗɗen yatsu kuma mai auduga saboda zafi, farashin zai sauko, kuma kowa zai karɓi tasa daga hannun wanda zai nuna masa yadda ake sa ta ya ce ya dawo bayan mako biyu a duba fatar.